Idona ya rufe a kan sitiyari, ga gwajin lafiya na kamfani ya matso

Assalamu alaikum. Ni direban bas ne a wani kamfanin da ke jigilar masu Umara tsakanin Jidda, Makka da Madina. Shekaruna 52, kuma shekara 11 ke nan ina tare da su. Shekara huɗu da suka wuce na je gida hutu, likita ya ce ina da suga, ya rubuta mini ƙwaya. Tun daga nan da kuɗina nake sayenta a kantin magani, ban taɓa amfani da katin inshorar kamfani ba, don kada maganar ta fito. Ban da maiɗakina ba wanda ya sani.

A watan jiya muna dawowa daga Madina da hantsi, na sha magani amma ban karya ba saboda ana gaggawa. Sai na ji gumi ya karyo mini, hannuwana suna rawa. Ban san abin da ya biyo baya ba, sai gurnanin tayoyi na ji a gefen titi, na fizgo sitiyari na dawo hanya. Abokin tuƙina yana barci, fasinjoji ma ba wanda ya lura.

Yanzu kamfani ya liƙa sanarwa cewa kowane direba zai yi gwajin lafiya kafin aikin azumi. Wani abokina ya ce in yi kwana biyu ba shinkafa ba burodi, ranar gwajin kuma in ninka ƙwaya. Wani ya ce ya san mai shirya takarda a kan 'yan riyaloli. Maiɗakina ta dage sai in faɗi gaskiya, amma ita ba ta san abin da zama a ƙasar nan ke ci ba. Ina da ita da yara biyu a nan, ga mahaifiya a Katsina. In aka ce ban dace da tuƙi ba, sai dai huruj, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya. Ina mafita?

Direba, daga Jidda

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kun tsallake rijiya da baya, kai da bayin Allahn da ka ɗauko. Allah Ya ƙara kiyayewa, Ya ba ka lafiya.

Kai gwajin kamfani ne ya hana ka barci. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne lodin gobe. Kada ka sake zama a kujerar direba sai likita ya ji labarin nan daga bakinka, ya kuma ce ka hau. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. In hankalinka ya gushe na sakan uku kacal, bas mai mutum 40 da wani abu ta yi tafiyar sama da mita 80 ba direba. Ka fi ni sanin abin da ake iya tararwa cikin mita 80 a hanyar Hijira: tirela a fake a gefe, tankar mai, ƙarfen gada. Ranar nan gefen titi ya kasance ba kowa. Ba kai ka shirya hakan ba, ba kuma ka da hanyar sake shirya shi.

Ba a duba mara lafiya ta wasiƙa, amma abubuwan da ka lissafa sun yi kama da faɗuwar suga: an sha magani, ba a karya ba, sai gumi, sai rawar hannu, sai gushewar hankali. Ka ɗauko kwalin maganinka ka karanta sunan. In Glucophage ne, wato metformin, shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ƙasa warwas ba. Amma in Diamicron ne, ko Amaryl, ko Daonil, waɗannan aikinsu su matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Mutum ya sha da asuba ya kama hanya ciki ba komai, insulin ya fito bai tarar da abinci ba, sai ya cinye ɗan sugan da ke cikin jini. Da zarar awon suga a na'ura ya yi ƙasa da 70, ƙwaƙwalwa ta fara rasa abin da take aiki da shi. Gani ya dusashe, lissafin tazara ya rikice, ƙafa ta yi jinkirin zuwa birki, mutum kuwa yana ganin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, in faɗuwar ta riƙa maimaituwa, jiki yakan daina ba da sanarwa. Wancan karon ka samu gumi da rawar hannu. Wani karon yana iya zuwa ba sallama.

Ga abin da nake so ka tsaya ka duba da kyau. Shekara huɗu kana shan ƙwaya ɗaya a kan awo ɗaya, wadda aka rubuta maka a wata ƙasa, lokacin kana hutu kana cin abinci a kan kari. Ba likitan da ya san aikinka tuƙi ne, ballantana ya zaɓa maka maganin da ya dace da mai tashi cikin dare ya yi kilomita 400 kafin ya ga abinci. Akwai magungunan suga da dama a yau waɗanda ba sa kayar da suga irin haka, kuma da likita ya san kai direban bas ne, da su zai fara tunani. Abin da ya kusa kifar da motarka, a ganina, ɓoyon ne ya fi ciwon laifi. Ka ɓoye don ka tsare aikinka, ɓoyon ya hana ka likita, rashin likita ya kai ka gefen titi.

Duk da haka kada ka je wa likita da hukunci a hannu. Akwai wasu abubuwan da ke ɗauke direba a kan sitiyari. Akwai masu minshari mai ƙarfi waɗanda numfashinsu ke yankewa cikin barci sau da yawa a dare guda, su tashi da safe kamar ba su kwanta ba, da rana gyangyaɗi ya sace su ba su sani ba. Wannan ya yi yawa a cikin masu ƙiba, masu suga da hawan jini, da waɗanda suka haura 50, kuma yana da magani: na'ura ce da ake sawa a hanci da dare tana tura iska. Akwai rikicewar bugun zuciya, wadda ake ganowa da awon zuciya, wani lokaci a maƙala wa mutum 'yar na'ura ya kwana da ita. Akwai farfaɗiya. Akwai maganin hawan jini in ya haɗu da zafi da ƙarancin shan ruwa. Har maganin mura da irin su Panadol Night suna saukar da barci. Shi ya sa nake ba ka shawara ka tafi da Hajiya. Kai ba ka san yadda kake barci ba, ita ta sani.

Sai shawarwarin abokanka. Na farkon, mai cewa ka ƙaurace wa abinci ka ninka ƙwaya, da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma abin da ya ba ka shi ne ainihin abin da ya same ka a hanyar Madina, an ninka shi biyu. Mutum na iya sumewa a layin asibitin, ko a hanyar zuwa, yana tuƙa kansa. Kuma wahalar banza ce. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c, wanda ba ruwansa da abin da ka ci jiya ko shekaranjiya. Yana nuna yadda suganka ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, saboda suga na manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa sukan yi wajen wata huɗu suna yawo a jiki. Daga 6.5 zuwa sama ana lissafa mutum cikin masu suga. Yunwar kwana biyu ba ta goge wannan.

Na biyun, mai hanyar takarda, ka yi nesa da shi. Zamanin da ake kai takarda da hannu a buga mata hatimi ya wuce. Ko gwajin sabunta lasin, asibitin da aka amince da shi ne ke tura sakamako kai tsaye ta kwamfuta, Murur, wato 'yan sandan kula da hanya, su gani, sannan Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ya buɗe maka hanya. Takardar hutun rashin lafiya ma haka, a manhajar Sehhaty take fitowa. Dokar hukunta jabu ta ƙasar nan ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 100,000, ko duka biyun, a kan rahoton likita na ƙarya, kuma wanda ya yi amfani da shi yana sane bai tsira ba. Baƙo kuwa ka san inda irin wannan shari'a take ƙarewa da shi. Huruj ɗin da kake gudu ya fi tarhil, wato a tasa ƙeyarka gida da ƙarfin hukuma, daraja nesa ba kusa ba.

A ce ma takardar ta wuce ba wanda ya gano. Ranar 22 ga Disamba 2014, a birnin Gilasgo na Birtaniya, direban wata motar kwasar shara ya suma a kan sitiyari a tsakiyar gari, motar ta bi ta kan masu tafiya a ƙasa. Mutum 6 suka mutu, 15 suka ji rauni. Binciken da aka gudanar a 2015 ya gano cewa mutumin ya taɓa suma a 2010 a kujerar direban bas, kuma bai bayyana hakan ba a takardun neman aiki da na sabunta lasin. Tsakanin suman farko da na biyu shekara huɗu ne da 'yan watanni, yana tuƙi lafiya lau, yana ganin magana ta wuce. Bayan haɗari ba abin da ba a tonowa: takardun asibiti, rasiɗin kantin magani, abin da abokai suka sani. Ranar da aka fara wannan tono, kamfani kai zai fara turawa gaba, da hujjar cewa ka ɓoye masa.

Ba sai na yi maka wa'azi ba, amma ka san fasinja amana ne, kuma waɗanda kake ɗauka baƙin Allah ne, wasunsu sun yi shekaru suna tara kuɗin wannan tafiya. Diyyar kisan kuskure a nan riyal 300,000 ce a kan namiji guda, ga kaffarar azumin wata biyu a jere da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ambata. Malamai kuma sun bambanta tsakanin direban da ƙaddara ta faɗa wa ba tare da sakaci ba, da wanda ya san akwai matsala ya hau. Kafin watan jiya kana iya cewa ba ka sani ba. Yanzu ka sani.

To, shin bayyana suga yana nufin aiki ya ƙare? Ba lalle ba. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna fiye da mutum ɗaya cikin kowane shida na manyan Saudiyya yana da shi. Likitocin nan kullum shi suke gani, kuma in ka bincika a garejinku za ka tarar ba kai kaɗai ba ne. Ko a ƙasashen da suka fi tsanani a kan lafiyar direbobi, an daina korar mutum don kawai yana da suga. Ingila tun 2011 take barin masu allurar insulin su riƙe lasin bas da na babbar mota in sun cika sharuɗɗa, Amurka ma ta sassauta nata tsarin a 2018. Abin da mai gwaji ke son sani shi ne ko sugan yana cikin iko, ko yana faɗuwa, ko mutum yana jin alamar faɗuwar, da ko ya taɓa ido, ƙoda, zuciya ko jijiyoyin ƙafa. Sai dai ba zan rufe ka ba: tun da har hankalinka ya gushe a kan hanya, mai yiwuwa ne ƙwarai a ɗaga ka daga tuƙi na wani lokaci, har a canza magani a ga ya zauna. Ka shirya wa wannan a ranka. Hutu ne na dole, kuma doka ta yi masa tanadi, zan zo kai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya riga wani. Kada ka jira ranar gwajin kamfani a gano ka. Ka riga su. Cikin makon nan ka ɗauki katin inshorar da kake gudu, wanda haƙƙinka ne da doka ta wajabta wa kamfani ya biya maka, ka ga likitan suga ko na cututtukan ciki. Ka faɗa masa aikinka tun a jimlar farko, sannan ka ba shi labarin hanyar Madina yadda ka ba ni, ba ragi. Ka nemi a duba bayan idonka, domin suga na ɓata gani a hankali ba tare da ciwo ba, a duba ƙoda da zuciya. In ya ga bai kamata ka yi tuƙi ba, ya rubuta maka hutu a hukumance. Ka sayi na'urar awon suga, ba ta da tsada, ka riƙa awo da safe, da kafin abinci, da duk lokacin da ka ji wani iri, kana rubutawa da kwanan wata. In wani abu ya shige maka duhu da dare, 937 layin Ma'aikatar Lafiya ne, likita zai amsa maka.

Direban da ya shiga ɗakin gwajin kamfani da rahoton likitansa, da sunan sabon magani, da littafin awo na makonni, daban yake da wanda jininsa ya tona shi bayan ya sa hannu a kan cewa ba shi da komai. Na farko mara lafiya ne mai kula da kansa. Na biyu sunansa maƙaryaci a fayil, ko da sugansu ɗaya. Gwajin kansa ba wani abin tsoro ba ne: ido, ji, hawan jini, jini da fitsari, wani lokaci da awon zuciya. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, domin gwajin fitsari na neman miyagun ƙwayoyi, kuma gara a san abin da likita ya rubuta maka tun kafin sakamako ya fito. (Ga 'yan'uwa direbobi masu karanta wannan: ƙwayar hana barci da wani zai miƙo maka a istiraha, wato wurin hutawar matafiya a hanya, lokacin cunkoson aiki, kaptagon ce ko 'yar'uwarta, kuma a ƙasar nan wannan maganar gidan yari ce.) Ka kuma tambayi likitan abin da zai rubuta wa kamfani. Abin da suke buƙata shi ne ka dace, ko ba ka dace ba, ko ka dace bisa sharaɗi.

Yanzu doka, tun da tsoronka a nan yake. Kai ma'aikacin kamfani ne, Dokar Ƙwadago ta shafe ka, ba kamar direban gida ba wanda tsarinsa daban ne. Sashe na 117 ya ba ma'aikacin da aka tabbatar da rashin lafiyarsa hutun kwana 30 da cikakken albashi, sai kwana 60 da kashi uku cikin huɗu na albashi, sai wasu kwana 30 ba albashi, duk cikin shekara guda. Wata huɗu ke nan. Sashe na 82 kuma ya hana kamfani sallamar ma'aikaci saboda rashin lafiya kafin ya cinye wannan hutu, har ma kana iya neman a haɗa maka da hutunka na shekara. Daidaita suga da canjin magani sau da yawa ba ya cin wannan lokaci duka.

Sannan ka yi lissafin kuɗin sallama. Sashe na 84 ya ce rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Shekara 11 ɗinka ta ba ka albashin wata biyu da rabi, a tara da na wata shida: wata takwas da rabi ke nan, a kan albashinka na ƙarshe. Tun da ka haura shekara 10, ko kai ka ajiye aikin da kanka, duka za a ba ka. In likitocin da hukuma ta amince da su suka tabbatar ba za ka iya aikin ba, kwangila ta ƙare, kuɗin nan na nan. Hanyar da ake rasa su ita ce sashe na 80, wanda ya bai wa kamfani damar kora ba sanarwa ba kuɗin sallama a kan wasu laifuffuka, ciki har da aikin da ya saɓa wa gaskiya da amana. Abokinka mai takarda, in ka lura, guminka na shekara 11 yake so ka sa a caca.

Akwai gefen da ba shi da daɗi, shi ma ka sani. Kwangilar baƙo mai wa'adi ce, kamfani na iya jira ta ƙare ya ƙi sabuntawa, ba tare da ya ambaci suga ba. Ka shiga Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka duba ranar da taka za ta ƙare, ka ajiye kwafi. In aka kira ka ofis aka miƙo takarda, ko ta ajiye aiki ko ta cewa ka karɓi duk haƙƙoƙinka, kada ka sa hannu a tsaye. Ka ce za ka karanta, ka kai wa wanda ya iya Larabcin takarda. In aka yanke kwangila ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 77 ya tanadi diyya wadda ba ta gaza albashin wata biyu ba. Ana fara ƙorafi ne ta sulhu a ofishin ƙwadago, ana ba shi kwana 21 na aiki, in bai yiwu ba a miƙa wa kotun ƙwadago, kuma kada ka bari wata 12 su wuce bayan rabuwa da kamfani. Layin ma'aikatar ƙwadago 19911 ne.

Da rahoton likita a hannu, ka je wa mudir, wato manajanku, da kanka kafin a fitar da jadawalin azumi, lokacin da yake da sararin neman madadinka. Ka rubuta buƙatarka, ka riƙe kwafi: kana jinya, likita ya ce kaza, kana neman aikin wucin gadi a gareji ko wajen tsara fitar motoci har a sake duba ka. Wasu ayyukan ofis an keɓe wa 'yan ƙasa, saboda haka kada ka sa rai da kowace kujera, amma kamfanin da ya riƙe direba shekara 11 ya san wahalar samun wanda ya san hanya, ya san miƙati, ya iya da tsofaffin alhazai.

Shi ma kamfanin akwai nasa. Ka ce ba ka karya ba saboda ana gaggawa. Wa ke gaggawar? Ƙa'idar Hukumar Sufuri ita ce tuƙi kada ya wuce awa 9 a yini, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, kada ya wuce awa 56 a mako, a huta minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, a kuma samu hutun awa 11 a jere kowace rana. Direba na biyu da ake sawa a doguwar tafiya ma don haka ne. Kamfanin da ke gwada jinin direbobi sau ɗaya a shekara amma yana juya su Makka da Madina ba barci ba abinci a lokacin cunkoso, rabin aikin ya yi. Gwajin abu ne mai kyau, ina goyon bayansa, amma jadawali ma yana kayar da direba, har mai cikakkiyar lafiya.

In Allah Ya sa aka mayar da kai kan hanya, akwai ɗabi'un da za su zama dole. Awo kafin ka tayar da mota, sannan duk bayan awa biyu in tafiya ta yi tsawo. Ƙa'idar da ake bai wa direbobi a Ingila mai sauƙin riƙewa ce: in awo bai kai 90 ba, a ci wani abu kafin a tashi. In ya yi ƙasa da 70, ko ka ji alama, ka faka nan take a wuri mai aminci, ka kashe mota, ka ci dabino uku ko ka sha rabin kofin lemo mai suga, ka jira minti 15 ka sake awo. Ko ya dawo daidai, ƙwaƙwalwa na buƙatar kamar minti 45 kafin ta koma yadda take, saboda haka abokin tuƙinka ya karɓa. Wannan na nufin dole shi ma ya sani, ya kuma san inda kake ajiye dabinon. Abincin istiraha kuwa, bukhari da tamis da shayi mai cokali uku, sai ka rage, amma kada ragewar ta zama tsallake abinci bayan an sha magani.

Azumi na tafe, kuma shi ne lokacin da wannan matsala ta fi kama direbobi. Ka tambayi likita tun yanzu ko za ka iya, da yadda za a juya lokutan magani. Ƙa'idar da likitocin suga suka yi ittifaƙi a kai ga mai azumi ita ce a karya in awo ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura kaɗan a sha ruwa, kuma awon da ake yi da ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun yi rangwame ga mara lafiya da matafiyi, kai kuwa a hanyar Madina duka biyun ne. Ka zauna da malamin da ka amince da shi, ka gaya masa abin da likita ya ce, ya faɗa maka yadda za ka rama.

Game da Hajiya, ban yarda da kai ba cewa ba ta san abin da zama ke ci ba. Matar da ake biya wa gwamnati kuɗin zamanta riyal 400 duk wata, ita da kowane ɗa, riyal 1,200 ke nan a gidanku kafin haya da cefane, ta san lissafin sarai. Ta dai auna shi da wani lissafin ne: wayar da za a iya yi mata daga asibiti ko daga ofishin Murur. Ka zauna da ita ku baje komai a fili, abin da ke hannu, abin da zai shigo in aka koma kashi uku cikin huɗu na albashi, abin da za a rage, da abin da za a gaya wa Inna a Katsina in aike ya ragu na wata biyu ko uku. In kana cikin adashi, ka nemi a matso maka da kwasarka.

In kuma bincike ya nuna wani abin da ya fi suga, aka ce tuƙin fasinja ya ƙare maka, wannan ma ba huruj ne kai tsaye ba. Tun gyaran da aka yi a Maris 2021, ma'aikacin kamfani na iya komawa wani wurin aiki ta Qiwa in kwangilarsa ta ƙare, ba sai da yardar kafili ba, wato wanda ya ɗauke shi aiki, muddin ya samu mai ɗaukarsa kuma igamarsa, wato katin izinin zama, na da rai. Saboda haka ka duba ranar ƙarewar igama tun yanzu, ka fara tuntuɓar mutanenmu masu aiki a ɗakunan ajiyar kaya da kamfanonin hidimar alhazai. Ranar zuwa asibiti ka riƙe igama, katin inshora, kwalayen maganin da kake sha har da waɗanda suka ƙare, da takardar likitan gida in tana nan. Wani ya tuƙa ku, ko ku hau tasi.